Saƙon da ke jiran mai wucewa: darasin sadarwa da ya dace da dajin Ingal

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya yi nisa a karatu, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wuya ya kauce wa darasin sadarwa tsakanin na'urori. Ƙashin bayan darasin shi ne TCP/IP, ƙa'idojin da intanet ta tsaya a kansu tun 1 ga Janairun 1983. Kafin kwamfuta ta aika komai sai ta yi sallama, ɗayar ta amsa, ta farko ta tabbatar ta ji. Sannan a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, ana turawa ana jiran shaidar isa. In aka ji shiru a sake turawa, in shirun ya yi yawa a katse. Tsarin yana aiki ne muddin hanya tana buɗe daga mai aikawa har mai karɓa a daidai lokacin maganar.

To, a Ingal fa? Garin yana kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, kuma a cikinsa waya na kamawa. Amma mutanen da suka sa aka san shi, Abzinawa da Fulani Wodaabe da ke taruwa bikin Cure Salée a ƙarshen damina, yawancin shekara suna daji ne da dabbobinsu, wajen rijiyoyi da filayen kiwo da suka miƙe har Tegidda-n-Tesumt mai gishiri. Can sai a yi kwanaki ba rezo. A lissafin TCP wannan lalacewar hanya ce, alhali haka wurin yake kullum.

Akwai reshen ilimin da aka keɓe wa irin wannan hali, wato sadarwa mai jure jinkiri, DTN a taƙaice. Daga sararin samaniya ya samo asali: saƙon rediyo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya kai duniyar Mars, don haka gaisuwar nan ta sau uku ɓata lokaci ce. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara TCP/IP, yana cikin masu wannan aiki, kuma a 2003 Kevin Fall ya wallafa tsarin da ya faɗaɗa shi ga wurare masu wuyar sadarwa a nan ƙasa. Dabarar ita ce ajiye, ɗauka, miƙa. Na'ura ta riƙe saƙo cikin ma'ajiyarta, ta yi tafiya da shi, in ta haɗu da wata ta miƙa mata. Sallahu ke nan, irin wanda ake ba ɗan ayari ya kai wa dangi. A Indiya, shirin DakNet ya ɗora na'urar Wi-Fi a motocin haya na ƙauyuka, suna kwasar wasiƙun imel suna sauke su a birni.

Inda ɗalibi ke yin gumi shi ne tambayar wa za a miƙa wa. In ka ba duk wanda ka gamu da shi kwafi, saƙon zai isa da wuri, amma ma'ajiya ta cika, batir ya ƙare, kuma a inda caji ya dogara ga ɗan faifan sola wannan ba ƙaramar asara ba ce. In ka riƙe sai ka ga mai shi ido da ido, wataƙila sai bikin Cure Salée mai zuwa. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Luleå a Suwidin sun fito da matsakaiciyar hanya mai suna PRoPHET, suna da makiyayan barewar ƙanƙara na ƙabilar Sami a zuciya. Kowace na'ura tana riƙe da maki ga kowace da ta sani. Yawan haɗuwa na ɗaga makin, daɗewa ba a haɗu ba na rage shi, kuma in kana yawan ganin wanda ke yawan ganin wane, kai ma ka samu rabo. Sai a miƙa saƙo ga wanda makinsa ya fi. Tafiyar makiyayi ba ta kara-zube ba ce: akwai ranar kasuwa, akwai ranar shayarwa, akwai hanyar da ake bi kowace damina, kuma irin wannan maimaici lissafin ke nema.

Wani zai ce Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Nijar, me ya rage? Kwanonsa da kuɗin wata sun fi ƙarfin mai 'yan awaki. Sai dai kwano ɗaya a cikin gari zai iya zama mashiga, babura da motocin kasuwa su ƙarasa sauran tafiyar. A ganina gina irin wannan tsari ya fi cancanta da aikin kammala lisans ko masta, musamman a Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, fiye da wata manhajar lissafin kanti da aka riga aka rubuta sau ba adadi.

Ba za a yi kiran waya da wannan tsari ba, kuma bai dace da neman agajin gaggawa ba. Abin da zai ɗauka shi ne farashin raƙumi, ranar rigakafin dabbobi, labarin rijiyar da ta ƙafe, kuma gara da murya, da Tamajak ko Fulatanci ko Tasawak, harshen mutanen Ingal. Tunda saƙon zai kwana a wayar wanda ba a sani ba, dole a kulle shi yadda mai shi kaɗai zai buɗe. Raba makullan ga mutanen da ba sa kan layi lokaci guda kuwa matsala ce da masu bincike ke fama da ita har yanzu.