Abin da ke Faruwa cikin Ƙwaƙwalwa in Hankali ya Taɓu

Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, lokacin da ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, mutane da yawa na bakin kogin Komadugu sun bar gida da gonakin tattasai. Waɗansu sun zauna gefen babbar hanya, waɗansu sun tafi sansanin Sayam. Cikinsu akwai waɗanda har yau ba sa barci. In an buga ƙofa, sai su zabura. Jama'a su ce aljanu ne, ko sammu. Likitoci sun duba, sun ga ciwon cikin ƙwaƙwalwa yake.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86. Su ke kai saƙo. Da su ake tunani, da su ake jin tsoro da murna.

Ƙwayoyin nan ba a manne suke ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ƴar tazara, kamar yadda Komadugu ya raba Nijar da Najeriya. Saƙo in ya zo gaɓa, sai an ƙetare da shi. Jirgin fiton shi ne wani sinadari da ƙwayar ke saki. Sinadaran iri-iri ne. Akwai dofamin, akwai serotonin.

Can ciki, kowane gefe, akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gujiya, sunansa amigdala. Shi ne mai gadi. In ya hango haɗari, zuciya ta yi ta bugawa, jiki ya shirya gudu. Haɗari in ya wuce, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, sai ya kwantar da shi. To, wanda ya ga kisa da idonsa, wani lokaci mai gadinsa ya ƙi kwantawa. Ƙarar injin ban ruwa ma sai ya ɗauke ta bindiga. Wannan ba ragwanci ba ne. Jarumi ma yana kamuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda ake yaƙi, wajen mutum 1 cikin 5 yana da matsala ta hankali.

Damuwa in ta daɗe, jiki yana ta sakin wani sinadari, kortizol. Yawansa yana gajiyar da wurin da ke ajiye tunani. Mutum ya yi shiru, ya bar abinci, ya bar gona. Akwai magani, amma ba ya aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 2 zuwa 4, ko fiye. Nan mutane ke kuskure: su sha kwana 3, su ce bai yi ba, su ajiye.

Mai jin muryoyi da babu su, shi kuwa dofamin ne ke aiki fiye da kima a wani sashe. A 1952, a Faransa, likitoci suka soma ba irin waɗannan marasa lafiya maganin kulorfuromazin, wanda ke tare wurin da dofamin ke sauka. Ana gadon saurin kamuwa, amma ba dole ɗa ya yi ciwon uba ba. Wiwi yana iya tayar da ciwon. Tramol da samari ke sha don aiki, shi ma yana rikita saƙonnin, har ya jawo faɗuwa kamar farfaɗiya.

Ɗaure mutum da mari ba ya gyara komai cikin kansa, sai ƙarin tsoro. Addu'a ba ta hana shan magani. Iyali su fara kai shi gidan likita na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, a tura shi babban asibitin Difa. A Yamai kuma, babban asibitin ƙasa yana da sashe na masu ciwon hankali.