Rabe-raben Ƙananan Katantanwa da Yaɗuwarsu a Yankin Kusada da Kankiya

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan ƙananan katantanwa na ruwa, waɗanda galibinsu ba su wuce ƙwayar wake ba, amma ta cikinsu ne ƙwayar cutar tsargiya ke bi kafin ta kai ga ɗan Adam. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar cutar a Alƙahira cikin 1851, sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a ƙasar Masar ɗin dai, cewa tilas sai tsutsar ta zauna a jikin katantanwa kafin ta iya huda fatar mutum.

Bahaushe kan ce katantanwa ko dodon koɗi ya wuce, amma masana sun rarrabe su. Idan muka riƙe ɓawon, tsininsa na sama, bakinsa na fuskantarmu, muka ga bakin ya faɗo hagu, to, jinsin Bulinus ne, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, watau mai sa fitsarin jini. Idan bakin ya faɗo dama, ɓawon kuma siriri ne mara kauri, to, mai yiwuwa Lymnaea natalensis ne, wanda ke haddasa wa shanu ciwon hanta. Na ukunsu, Biomphalaria pfeifferi, a naɗe yake kamar gammo, shi ke ɗauke da tsargiyar hanji.

A cikin jinsin Bulinus ne aikin yake da wuya. O. F. Müller ne ya raɗa sunan cikin 1781, bisa wani katantanwa da Adanson ya bayyana daga Sanagal a 1757. A yau ana kasa jinsin gida huɗu, uku daga ciki sun shafe mu. Akwai Bulinus globosus mai kumburarren ɓawo, da Bulinus truncatus, sannan gidan masu dogon ɓawo siriri, watau Bulinus forskalii da Bulinus senegalensis. Waɗannan biyu na ƙarshe sun yi kama ƙwarai da gaske, har ƙwararre ma kan ruɗe idan da ido kawai ya duba. Ga shi kuwa senegalensis na yaɗa tsargiyar mafitsara, ɗan'uwansa kuma ba a san shi da wannan ba. Cikin 1983 ne Betterton da abokan aikinta suka ba da rahoton samun senegalensis a Arewacin Nijeriya. A ganinmu, duk lissafin da aka yi kafin wannan shekara, aka kira kowane siririn katantanwa forskalii, ya kamata a karɓe shi da hattara.

Dangane da yaɗuwa kuwa, daɗewar ruwa a wuri ita ce ke hukunci. Ƙasar Kusada da Kankiya kan sami ruwan sama ne wajen wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rani. Biomphalaria da Lymnaea ba su jure bushewa sosai, saboda haka sai inda ruwa ke kwana shekara, kamar manyan madatsu irin na Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983. Truncatus ma yana son irin wannan wuri. Senegalensis kuwa kududdufin damina ne gidansa. Ruwa na janyewa sai ya nutse cikin laka ya lafe, ya yi wata shida ko fiye, ruwan farko na zuba ya fito ya hayayyafa cikin 'yan makonni.

Wannan ne ya sa ba za mu raina kududdufan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini a bayan gari ba, domin nan yara ke iyo da damina. Binciken da Pugh da Gilles suka buga a 1978 a kan tsargiya a yankin Malumfashi ya nuna yara maza ne suka fi kamuwa. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar da ke jikin yaro, amma ba ya taɓa katantanwa. Saboda haka mai binciken da ya zo Kusada a watan Maris ya tarar da kududdufi a bushe, bai kamata ya rubuta cewa babu katantanwa ba, sai ya dawo a watan Agusta ya sake dubawa.