Gidan Bene Ba Shi da Zaure: Wa Ke da Ikon Shiga Ɗakin Maƙwabci?

A ƙasar Hausa zaure ne ke raba gida da titi. Baƙo ya yi sallama, ya jira, idan kuwa an rubuta "Ba Shiga" a bango, to magana ta ƙare. Amma Bahaushen da neman abinci ya kai shi Ikko, ya kama haya a Agege ko Obalende, ko a benayen da aka gina a Festac don bikin 1977, ko waɗanda Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, sai ya tarar ƙofa guda ce kurum tsakanin iyalinsa da matakalar da kowa ke hawa.

Daga nan rigima ke tasowa, kuma sau da yawa ba sata ce sanadi ba. Ruwa ne ke yoyo daga bayan gidan na sama, sai na ƙasa ya hau a fusace, ya tura ƙofa ya faɗa ciki, ya iske matar aure ba mayafi. Ko kuwa mai gida ya riƙe makulli na biyu, yana leƙawa in ɗan haya ya tafi aiki, wai ai gininsa ne.

To, doka ba ta ga haka ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, bai kuwa ce sai wanda ya mallaki ginin ba. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta fito fili da zancen: ta bai wa ɗan haya haƙƙin sirri da zama ba tsangwama, ta taƙaita ikon mai gida na shiga duba gini, ta kuma yanka tarar da za ta iya kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da shi da ƙarfi. In mai gini kansa yana da wannan linzami, ina ga maƙwabci?

A Arewa kuwa, sashe na 342 na dokar Final Kod ya dubi niyya ne: laifi ne mutum ya shiga wurin da ke hannun wani don ya aikata laifi, ko ya tsorata shi, ko ya ci mutuncinsa, ko ya ɓata masa rai. Watau wanda ya ɓalle ƙofa don ya ga hayaƙi yana fita, yara kuma na ciki, ba shi wannan sashe ke nufi ba. Mai fushin yoyon ruwa fa, da wuya ya kuɓuta, ko da kukansa gaskiya ne. Hanyarsa ita ce ya ƙwanƙwasa, in an ƙi buɗewa ya kai ƙara ga wakilin mai gida ko shugabannin 'yan haya, in abin ya faskara ya nufi kotun majistare da shaidunsa.