Maganin damuwa ta hanyar saurare: abin da Carl Rogers ya koyar

Idan ɗan'uwa ya kawo mana kukansa, yawancinmu gaggawar ba shi shawara muke yi: "yi haƙuri", "manta kawai". To, a fannin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da ta ɗora magani a kan saurare. Wanda ya assasa ta shi ne Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1902, ya rasu a 1987.

A zamaninsa, likita ne ke fassara wa mai damuwa abin da ke damunsa. Shi kuwa Rogers ya ga cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, aikin ƙwararre shi ne ya taimaka masa ya gano wurin da kansa. A 1957 ya zayyana sharuɗɗa shida na samun sauƙi, uku daga ciki suna wuyan mai sauraren. Na farko, ya zama mai gaskiya, abin da ke zuciyarsa ya dace da abin da yake faɗa. Na biyu, ya karɓi mutum yadda yake, ba zargi ba hukunci. Na uku, ya fahimci lamarin yadda mai shi yake jin sa, kuma ya nuna masa ya fahimta.

Mu ɗauki misali. Matar da mijinta ya rasu ta ce ba ta iya barci, kowa sai cewa yake ta daure. Ƙwararren ba zai ƙara mata nasiha ba. Zai ce: "Kamar dai kin gaji da ɓoye hawayenki." Ita ce za ta ce haka ne, ko ta gyara masa. Daga nan maganar da ta daɗe a ciki take fitowa.

Abokin aikinsa a jami'ar Chicago, Eugene Gendlin, ya saurari irin waɗannan zama da aka naɗa. Ya lura waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu dakatawa su nemi abin da jikinsu ke ji, kamar nauyi a ƙirji ko ƙullutu a maƙogwaro, har su samo kalmar da ta dace da shi.

Sai dai mu yi hattara. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko yake zancen kashe kansa, kada a tsaya ga saurare kaɗai, a gaggauta kai shi likita.