Abin da Masu Neman 'Yan Wasa ke Dubawa a Jikin Yaro Mai Tsaron Gida

A ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan, irin su Mai Wurno da waɗanda ke kewayen garin Suki a bakin Shuɗin Kogin Nilu, yara suna buga ƙwallon ƙafa kamar takwarorinsu na Kano ko Maraɗi. Manyan ƙungiyoyin ƙasar su ne Hilal da Merrikh na birnin Omdurman. Kafin yaro ya kai ga irin waɗannan ƙungiyoyi, sai wani ya gan shi yana wasa ya yaba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, wato yawo fili-fili suna neman yara masu baiwa. Zaɓen mai tsaron gida, wanda ake ce wa gola, ya fi ba su wuya, domin abin da ke burge 'yan kallo ba shi suke nema ba.

Da farko sukan dubi jiki. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta kuma mita 2.44, saboda haka dogon yaro mai dogayen hannuwa yana da rinjaye. Amma tsawo kaɗai ba ya yanke hukunci. Vincent Enyeama ba ya cikin dogayen gololi, duk da haka ya buga wa Nijeriya wasa 101, ya kuma ci kofin Afirka a 2013.

Na biyu shi ne tsayuwa. 'Yan kallo sukan yi tafi idan gola ya yi tsalle ya doke ƙwallo. Masani kuwa tambaya yake yi: me ya sa sai da ya yi tsallen? Sau da yawa tun farko ne bai tsaya inda ya kamata ba. Yaron da ya iya karanta wasa, ƙwallo kan zo ta same shi a tsaye.

Na uku, ƙafa. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Daga 2025 kuma, idan ya riƙe ta fiye da daƙiƙa 8, sai a ba abokan hamayya kwana. Don haka dole ya iya ba da ƙwallo da sauri, kuma daidai.

Na huɗu, baki. Gola ne kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya. Ana son a ji muryarsa yana tsara 'yan baya, ko da sun girme shi.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne zuciya. Mai neman 'yan wasa yakan zuba wa yaro ido bayan an ci shi. Ya sunkuyar da kai ne, ko ya hau zargin abokansa, ko kuwa ya fito ya kama ƙwallo ta gaba ba tare da tsoro ba? Ana iya koya wa yaro kamu da bugu, amma sanyin zuciya da wuya a koya shi.

Shi ya sa ba a gaggawar yanke wa ƙaramin gola hukunci. Gololi sukan daɗe kafin su nuna, sukan kuma daɗe suna wasa. Essam El-Hadary na Masar, wanda ya taɓa tsare wa Merrikh gida, ya tare bugun fenariti a gasar cin kofin duniya ta 2018 yana da shekara 45.