Daga sutudiyon Sakkwato zuwa Coachella: Yadda katin memori ya fito da Mdou Moctar

A shekarar 2008 wani matashi Buzu daga Jamhuriyar Nijar ya shigo birnin Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a sutudiyo. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar, kundin kuma ya sa masa suna Anar. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu wanda ya yi masa talla. Waƙoƙin sun shiga wayoyin mutane ne kawai, suka kama hanya. Bayan shekara 16, a watan Afrilun 2024, wannan mutumin ya hau dandalin Coachella a jihar Kaliforniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka, shi da tawagarsa.

Matasan Bodinga da Shagari, garuruwan da ke kan titin da ya fita daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, sun san irin hanyar da waƙoƙin nan suka bi, domin har gobe da ita ake aiki a wurin mai cajin waya da mai tura waƙa a ranar kasuwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, saura ƙiris wannan hanyar ta kai waƙar duniya ta bar mai ita a baya.

Jitar katako da wayar birkin keke

Mdou Moctar ya tashi ne a yankin Tawa, wajajen Abalak da Cintabaraden. Gidansu ba su yi maraba da harkar kiɗa ba, kuɗin sayen jita kuma babu. Sai ya sassaƙa katako, ya ɗaura masa wayar birkin keke a madadin tsirkiya, ya koya wa kansa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Daga cikin waɗanda ya yi koyi da su akwai Abdallah Oumbadougou, tsohon makaɗin jitar Buzaye.

Da ya zo Sakkwato, ya tarar sutudiyoyin arewacin Najeriya suna cikin yayin waƙoƙin fim: fiyano, ganga ta kwamfuta, da murya mai sheƙi kamar ta na'ura. Wannan sheƙin aikin wata manhaja ce mai suna Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997 domin gyara muryar da ta kauce daga ma'auni. Idan aka matse saitinta, murya takan riƙa tsalle daga wannan mataki zuwa wancan babu sulɓi, shi ne sautin da duk mai jin waƙoƙin Kannywood na wancan lokaci ya sani. Haka aka haɗa Anar: jita da harshen Buzaye, ado kuma na sutudiyon Hausa. Wannan gamin ne ya sa waƙoƙin suka fita daban da na sauran makaɗan Sahara.

Intanet ɗin da ba ya cin data

A 2008 babu WhatsApp, sai a 2009 aka kafa shi. Intanet a waya tsada gare shi, a ƙauyuka da yawa ma babu sabis ɗin. Abin da ake da shi shi ne Bluetooth da katin memori.

Lissafin mai sauƙi ne. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabayit 1 a kowane minti. Ke nan waƙar minti 5 ba ta wuce megabayit 5 ba, kati mai gigabayit 2 kuma zai ɗauki irinta kusan 400. Bluetooth na aiki a tazarar mita 10, ba ya buƙatar layi, ba ya buƙatar kati. Direba ya karɓa a tasha, ya ba yaron shago a gari na gaba, shi kuma ya tura wa mai shayi. Daga Sakkwato zuwa iyakar Illela da Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, kuma waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Ta haka waƙoƙin Mdou suka ratsa Nijar har suka isa arewacin Mali. A garin Kidal ne wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya riƙa musayar waƙoƙi da mutane daga wayoyinsu zuwa kwamfutarsa. A 2011 ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da wani kundi mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin Sahara. A ciki akwai waƙar Mdou mai suna Tahoultine.

Inda matsalar take

Waƙar da ta bi ta waya ɗari takan isa babu cikakken suna. Wani ya sauya sunan fayil, wani ya yanke farkonta ya yi ringin, wani ya liƙa mata sunan shagonsa. Kafin Kirkley ya fitar da kundin, sai da ya yi ta cigiyar masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ta waya da Facebook da tambayar mutane, domin ya nemi izini ya kuma biya su. Da ya gaji ya bari, ko da wani ne wanda bai damu da haƙƙin mutane ba, da Tahoultine ta zagaya duniya Mdou na Agadas yana kiɗan biki bai san ana yi ba.

Da suka haɗu, Kirkley ya kawo masa jitar lantarki ta bahago. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaraden. A 2014 Anar ɗin Sakkwato ya fito a hukumance, shekara 6 bayan ɗaukarsa. A 2015 Mdou ya fito a fim ɗin harshen Buzaye mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Abin burgewa, musayar waƙa ta waya tana cikin labarin fim ɗin.

Daga mutum ɗaya zuwa tawaga

Daga baya sunan Mdou Moctar ya zama na tawaga ta mutum 4: shi kansa a babbar jita da murya, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai kaɗa bes, wanda kuma shi ne ke haɗa musu sauti. Kiɗansu ya tsaya ne a kan salon gargajiyar Buzaye, da tafi da amshi, aka ɗora masa ƙarar jitar rok.

Kundin Ilana: The Creator na 2019, wanda aka ɗauka a birnin Detroit, shi ne na farko da suka yi a sutudiyo a matsayin cikakkiyar tawaga. A 2020 suka ƙulla yarjejeniya da Matador, kamfanin faifai mai zaman kansa a birnin Niyok. A watan Mayun 2021 Afrique Victime ya fito, kuma kafafe irin su Pitchfork da Rolling Stone suka sa shi a jerin fitattun kundayen shekarar. Gidajen rediyon NPR da KEXP sun ɗauki wasansu, bidiyoyin suna nan a YouTube ga mai son gani. 'Yan jarida da dama suna kiransa Jimi Hendrix na Sahara.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar, alhali tawagar tana rangadi a Amurka. Masoyansu ne suka tara musu kuɗin zama ta shafin GoFundMe. A wannan zaman jiran suka sake ɗaukar sababbin waƙoƙinsu da jitar da ba ta lantarki ba. Funeral for Justice ya fito a Mayun 2024, sigar da aka ɗauka a lokacin jiran kuma, Tears of Injustice, ta biyo baya a Fabrairun 2025. Har yanzu da harshen Buzaye Mdou yake yawancin waƙoƙinsa, yana magana a kan halin da Nijar ke ciki, da mulkin mallaka, da barazanar ɓacewar harshensu.

Ba shi kaɗai ba ne. Tawagar Tal National ta Yamai, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, ta fitar da kundin Kaani a 2013 ta hannun kamfanin FatCat na Ingila. A 2013 ɗin dai Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. A 2020 kuma kamfanin ya gwada wani sabon abu mai suna Music from Saharan WhatsApp: makaɗa su ɗauki kiɗa da wayar hannu, su tura ta WhatsApp, a ɗora a shafin Bandcamp na tsawon wata guda, kuɗin ya koma wurinsu.

Abin da ya shafi Bodinga da Shagari

Ƙasar Sakkwato ta dā ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da Ɗan Anace. Kotso da taushi da kalangu da gurmi ba baƙi ba ne a nan. Abin da Mdou ya kai kasuwar duniya kuwa shi ne nasu na gida, bai je yana kwaikwayon mawaƙan Legas ko na Amurka ba. Matashin Sifawa ko Danchadi ko Shagari da ya gaji gurmi, ko yake da amshi mai daɗi, yana riƙe da wayar da ta fi ta Mdou ta 2008 nesa ba kusa ba. Sai dai tsohuwar matsalar tana nan: Xender ya maye gurbin Bluetooth, WhatsApp da TikTok sun ƙara gudu, amma waƙa tana ci gaba da tafiya babu sunan mai ita. Ga abubuwan da ke rage wannan asara.

Na farko, suna a cikin fayil. Kowane MP3 yana da wani ɓoyayyen gurbi da ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da shekara, har da hoto. Ko an sauya sunan fayil daga waje, wannan bayanin yana nan ciki. Akwai manhajojin gyara shi kyauta a Play Store, a kwamfuta kuma akwai Mp3tag. Mawaƙi ya cike shi kafin waƙar ta bar hannunsa, ya sa sunan shafinsa a gurbin sharhi.

Na biyu, yadda ake turawa. Idan aka tura waƙa a WhatsApp a matsayin sauti, a wayar Android takan sauka da suna irin AUD, sai kwanan wata, sai WA da lamba. Saƙon murya kuwa matse shi ake yi domin magana, kiɗa yakan fito a dishe. Tura ta a matsayin dokumen ya fi, domin fayil ɗin yana isa da sunansa da ingancinsa.

Na uku, suna a cikin sautin kansa. Makaɗan baka sun daɗe suna ambaton sunansu da na garinsu a tsakiyar waƙa, mawaƙan zamani ma suna kiran sunan sutudiyo. Wannan shi ne tambarin da babu manhajar da ke goge shi, kuma a TikTok, inda ake yanko daƙiƙa 15 ko 30, ya fi amfani idan yana kusa da amshi.

Na huɗu, asalin ɗauka. Anar ya iya fitowa bayan shekara 6 ne domin waƙoƙin ba su salwanta ba. Duk wanda ya biya kuɗin sutudiyo ya karɓi sigar WAV, ba MP3 kaɗai ba. WAV na cin kusan megabayit 10 a minti, amma shi ne kamfanonin rarraba waƙa suka fi nema. A ajiye shi wuri biyu: a kati, da kuma Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta. Waya takan ɓata, kwamfutar sutudiyo takan mutu.

Na biyar, adireshi guda. Suna ɗaya, rubutu iri ɗaya, a Audiomack da YouTube da TikTok da Facebook. Audiomack yana barin mutum ya ɗora da kansa kyauta. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, kuma a nan ne kowace waƙa ke samun lambar shaida ta ISRC. Kada a ɗauka kuɗi zai zubo nan take: tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba a cikin shekara. Amfanin farko na shafin shi ne mai cigiya ya same ka.

Na shida, yarjejeniya tsakanin abokai. Tawaga ta rubuta wa ya ƙirƙiri waƙa, wa ya yi kiɗa, wa ke riƙe da kalmar sirrin shafi, da yadda za a raba abin da ya shigo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aiki tun daga lokacin da aka ɗauke shi, amma sai da shaida ake cin shari'a. Takarda guda da sa hannun kowa tun ana cikin daɗi ta fi rantsuwa bayan an ɓata.

Game da ɗauka kuwa, ba lallai sai an je Kano ba. Manhajar BandLab kyauta ce kuma tana ɗaukar murya da kayan kiɗa a layi daban daban. Ɗaki mai katifa da labule ya fi shago mai rufin kwano, a kashe fanka da janareta, a ajiye waya kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakin mawaƙi, a nisanta kalangu kaɗan domin kada ya danne murya. Da wayar hannu aka ɗauki waƙoƙin jerin Saharan WhatsApp, kuma mutane a Turai da Amurka suka saye su da kuɗinsu.

Shekara 3 ce tsakanin ɗaukar Anar a Sakkwato da fitowar Tahoultine a kundin waje, shekara 12 kuma kafin yarjejeniyar Matador. A duk tsawon lokacin Mdou bai daina kiɗan biki a Nijar ba, a nan ne hannunsa ya ƙara faɗawa. Mai karatu da ke son jin inda labarin ya faro, ya nemi Anar a YouTube ko Bandcamp, ya saurari yadda muryar sutudiyon Sakkwato ta zauna a kan jitar Buzaye, sannan ya kunna Afrique Victime ya ji tazarar.