Daga Yelu: 'Yan hotunan kan waya da ke sa iyaye miƙa wa wani lambar sirrinsu

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Yelu da ke gundumar Gaya a jihar Dosso, ba abin mamaki ba ne a ga dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta danna hoton makirfo a WhatsApp, ta yi wa ɗanta da ke Kwatano ko Legas magana. In layukan nan biyu suka koma shuɗi, ta san saƙo ya isa.

Amma ranar da ɗan ya turo kuɗi, sai labari ya sha bamban. Allon wayar ya cika da Faransanci da alamomin da ba ta gane ba. Dole ta nemi ɗalibi ko mai shagon caji, ta miƙa masa wayar, wani lokaci har da lambar sirri.

Yankin yana tsakanin iyakoki biyu: Malanville ta Benin a ƙetaren kogin Kwara, da Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, zirga-zirga ta yi wuya, waya ta ƙara zama hanyar zumunci da aike. Ga shi kuma alƙaluman Bankin Duniya sun nuna manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba.

Hoton abin da ba a taɓa gani ba

Yawancin alamomin manhajoji an ɗauko su ne daga ofis ɗin Bature. Susan Kare ta zana wa kwamfutar Macintosh ta 1984 alamomi irin su kwandon shara, domin ma'aikacin ofis ya gane su da kallo ɗaya. Har yau wasu manhajoji na amfani da hoton faifan fulofi a matsayin "adana", alhali ko matasan birni da yawa ba su taɓa riƙe shi ba.

Haka ambulan ke nufin saƙo, keken sayayya na manyan kantuna ke nufin saye, ƙarfe mai haƙora kuma ke nufin saiti. Manomin da bai taɓa samun wasiƙa ta gidan waya ba, me zai fahimta daga ambulan?

Ba wai mutanen karkara ba su iya karanta alama ba ne. 'Yar kasuwa na bambanta jika goma da jika biyar na sefa da launi. A Najeriya, mai zaɓe na gane jam'iyya da tsintsiya ko lema. Koren maɓalli na ɗaukar kira da ja na kashewa kuwa ba su buƙaci malami ba.

Abin da bincike ya gano

A Bangalore ta Indiya, Indrani Medhi ta cibiyar bincike ta Microsoft ta yi aiki da mata masu aikatau da ba su yi karatu ba, ta fitar da sakamako a 2006. Ta gano cewa zanen hannu mai sauƙi ya fi hoton kyamara fahimtuwa, kuma dole zanen ya nuna aiki: kwanuka kawai ba sa nufin wanke-wanke sai an ga ruwa na zuba. Ta kuma ga matan na gane lambobi, murya mai bayani a harshensu na taimaka musu, dogon jerin zaɓi cikin zaɓi kuwa ɓatar da su yake yi.

A nan gida ma an yi gwaji. A 2009 da 2010, shirin ABC da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bibiya tare da ƙungiyar CRS ya koya wa manya amfani da salula a azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Dosso da Damagaram. Waɗanda suka koyi waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Ke nan matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce.

Gyaran da ake buƙata

Ga matasan da ke ƙera manhajoji a Yamai ko Kano, darasin a fili yake. A zana abin da mai waya ya sani: takardar sefa da launinta, hannu mai miƙawa da hannu mai karɓa. Kowace alama ta yi aiki ɗaya, kada a sauya mata wuri duk lokacin da aka sabunta manhaja. A haɗa ta da murya cikin Hausa, Dandanci ko Fulatanci, musamman kafin kuɗi su fita. Sannan a kai zanen ƙauye, a nuna wa mutane ba tare da bayani ba, a tambaye su abin da suka gani.

Kafin hakan ta samu, 'yan ci-rani na da abin yi. Duk wanda ya zo ganin gida, ya zauna da mahaifiyarsa, ya rage mata manhajojin kan allo zuwa uku ko huɗu, ya sa hoton fuska a kan kowace lamba, ya kuma bari ta shigar da lambar sirrinta da hannunta har ta riƙe.